Kan Sarki a Adakar Kakana

Bayan rasuwar kakana a unguwar Garu ta Dutse, abin da ya faɗo a rabona shi ne wata tsohuwar adaka cike da wasiƙu. Gara ta riga ni isa gare su, amma ta bar mini kusurwoyin ambulan masu yawa, kowace da kan sarkinta. Da na baje su a tabarma, sai na lura ba hannu ɗaya ya buga su ba. Daga nan na shiga tara su da bambanta maɗaba'unsu, kamar yadda masu tara katin 'yan wasa a Amurka suke bambanta bugun Topps da na Bowman.

Mafi tsufa a cikinsu aikin kamfanin De La Rue ne na Landan. Shi ya buga kan sarkin farko na Arewacin Nijeriya a 1900, mai hoton Sarauniya Victoria, shekara uku kafin Turawa su ci Kano, wadda Dutse take ƙarƙashinta a lokacin. Wanda ke hannuna na Sarki George na Biyar ne, bayan haɗewar Kudu da Arewa a 1914. Tsabtar bugunsa ba ta da makusa, sai dai zane guda ne ake yi wa ƙasashe da dama, a sauya suna da farashi kawai. Duk dubawata ban ga komai namu a jikinsa ba in ban da sunan ƙasa.

Jerin 1953, bugun Waterlow, shi ya fi kama zuciyata. A jikin ƙarfe aka sassaƙa zanen, shi ya sa in ka shafa da yatsa za ka ji tudun tawada. Na kwabo ɗaya na ɗauke da mahayan Barno, na ahu kuwa, wato kwabo ɗaya da rabi, gyaɗa ce a jikinsa. Wannan gyaɗar guminmu ce. Manoman Kiyawa da Jahun da Ringim suna cikin waɗanda suka noma ta, jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Ringim, ya kwashe ta. An zana amfanin gonar, an manta da mai fartanya.

Jerin 1961 na Harrison ne, wanda ya yi amfani da dabarar hoto. Launinsa ya fi armashi, amma a ƙarƙashin gilashin ƙara girma sai ka ga ɗige-ɗige maimakon layukan Waterlow masu kaifi. Babu kan mai sarautar Ingila a jikinsa, sunan kan sarki kuwa ya zauna daram a bakin Bahaushe har yau.

Na ƙarshe su ne na 1973, shekarar da naira da kobo suka maye gurbin fam da sule. Kamfanin buga kuɗi na Nijeriya da aka kafa a Legas a 1963 ne ya buga su. A ganina ba su kai na Waterlow kyau ba, domin a wasu da ke hannuna launi ya ɗan zame daga layinsa. Duk da haka su nake ajiyewa a shafin farko, saboda a gida aka yi su.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, don haka duk wasiƙun kakana Dutse ta Kano aka rubuta musu. Yau wayar hannu ta rage zirga-zirga a gidan waya, magada kuma kan ƙone irin waɗannan takardu ranar sharar ɗaki. Nawa na zuba su a kundi, na sa ganyen darbejiya a adakar saboda gara. Duk gidan da na je gaisuwa, bayan addu'a, nakan roƙi a duba ƙarƙashin gado kafin a kunna ashana.