Zanen yatsa da takardar kotu: yadda ake tantance masu neman aikin gwamnati a arewacin Kamaru

A jerin takardun da ake nema wajen shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati a Kamaru, akwai guda ɗaya da kusan kullum take ciki: shaidar kotu da ake kira da Faransanci "extrait de casier judiciaire, bulletin n°3". Masu neman aiki da yawa a Garwa, Marwa da Ngaundare suna ɗaukar cewa wannan takarda da zanen yatsan da 'yan sanda ke ɗauka abu ɗaya ne. A gaskiya abubuwa biyu ne, a hannun hukumomi biyu. Kotu ce ke faɗin ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, zanen yatsa kuwa shi ke tabbatar da ko wane ne mutumin. Abin da ke haɗa su shi ne suna da rana da wurin haihuwa, kuma a nan ne takardun mutane da dama suke samun cikas.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ta tsara aikin gwamnati a Kamaru ita ce dokar shugaban ƙasa mai lamba 94/199 ta ranar 7 ga Oktoban 1994, wadda aka yi wa gyara a shekarar 2000. Ta shimfiɗa sharuɗɗan ɗaukar ma'aikaci: ya zama ɗan ƙasa, ya zama mai ƙoshin lafiya, shekarunsa su kai 17, kada kuma su wuce 35 a rukunin A da B, ko 30 a rukunin C da D.

Sharaɗin da ya shafi kotu shi ne cewa ba a ɗaukar wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin amana, kamar sata, yin jabu, damfara, cin hanci, wawure dukiyar ƙasa ko cin amana. Haka ma wanda aka yanke wa ɗaurin wata shida a gidan yari, ko hukuncin da ya raba shi da wasu 'yancinsa na ɗan ƙasa. Takardar bulletin n°3 ita ce hujjar da mai nema ke gabatarwa cewa ya tsira daga waɗannan.

Daga ina takardar kotu take fitowa?

Kundin tsarin shari'ar laifuka na ranar 27 ga Yulin 2005, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007, ya kafa ma'ajiyar hukunce-hukunce iri biyu. Ta farko tana ofishin magatakardan kowace kotun matakin farko (Tribunal de première instance), kuma ta ƙunshi bayanan waɗanda aka haifa a yankin da kotun ke kula da shi. Ta biyu tana Ma'aikatar Shari'a a Yawunde, inda ake ajiye bayanan waɗanda aka haifa a ƙasashen waje da waɗanda ba a san wurin haihuwarsu ba.

Ma'anar wannan ita ce, wurin haihuwa ake bi, ba wurin zama ba. Idan kotun Duwala ta ɗaure mutumin da aka haifa a Garwa, ana aika takardar hukuncin zuwa kotun Garwa. Wanda aka haifa a Gidar ta gundumar Mayo-Louti, ko Poli ta Faro, ko Tcholliré ta Mayo-Rey, ma'ajiyarsa tana can, ko da ya yi shekara ashirin yana zaune a Garwa. Ɗan Kamaru da aka haifa a Yola ko N'Djamena kuwa, tasa tana Yawunde.

Takardar hawa uku ce. Bulletin n°1 ita ce cikakkiya, ta alƙalai ce da masu gabatar da ƙara. Bulletin n°2 ana ba wa wasu hukumomin gwamnati. Bulletin n°3 ita ce ake miƙa wa mai ita, kuma abin da take nunawa shi ne hukuncin ɗauri da afuwa ko wankewar kotu ba ta shafe ba. Idan babu komai, sai a rubuta kalmar "néant". A sanarwar jarrabawa yawanci ana sharɗanta cewa kada takardar ta wuce wata uku da fitowa.

Magatakarda yana binciken ma'ajiyar ne da sunan mutum da na iyayensa da rana da wurin haihuwa. Saboda haka wanda aka ɗaure da wani suna, ya kuma dawo da wata takardar haihuwa mai wani suna daban, yana iya samun "néant" idan babu abin da ya tona shi. Wannan giɓi ne zanen yatsa yake toshewa.

Inda zanen yatsa yake shiga

Dokar ranar 19 ga Disamban 1990 ta wajabta katin shaidar ɗan ƙasa ga duk wanda ya kai shekara 18. Babbar hukumar 'yan sanda, DGSN, ita ke yin katin, kuma a wurinta ake ɗaukar hoto da zanen yatsu. A 2016 aka shigo da sabon kati mai guntun lantarki tare da kamfanin Gemalto. A 2025 kuma aka fara wani tsari tare da kamfanin Augentic na Jamus, wanda tun 2021 yake aikin fasfo: mai nema ya cike bayanansa ta intanet, ya biya CFA 10,000 maimakon 2,800 na da, sannan ya je da kansa a ɗauki yatsunsa. Hukuma ta yi alƙawarin fitar da kati cikin sa'o'i 48.

Mai neman aikin gwamnati yana buƙatar wannan kati a kowane mataki, tun daga haɗa takardu har shiga ɗakin jarrabawa. Ke nan kafin ya kai ga Ma'aikatar Ma'aikatan Gwamnati, MINFOPRA, yatsunsa sun riga sun shiga rumbun 'yan sanda. Masu neman shiga aikin ɗan sanda suna da ƙarin mataki, wato binciken hali (enquête de moralité), inda jami'ai ke bin diddigin tarihin mutum fiye da abin da takardar kotu ta nuna.

Akwai wani rumbun daban a hannun hukumar zaɓe, ELECAM, wadda ta fara rajistar masu zaɓe da zanen yatsa a 2012. Wannan na zaɓe ne, kuma katinsa ba ya maye gurbin takardar kotu.

Yadda na'urar take gane mutum

Layukan da ke kan yatsa suna samuwa tun jariri yana ciki, kuma tsarinsu ba ya sauyawa har mutuwa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, zanensu ya bambanta. Na'ura ba ta dogara da kamannin zanen gaba ɗaya. Tana lura da wuraren da layi ya ƙare da wuraren da ya rabu biyu, ta auna matsayinsu da inda suka fuskanta, ta mayar da su lambobi.

Gwajin iri biyu ne. Na farko, a gwada yatsan mutum da wanda ke cikin katinsa don a ga ko shi ne mai katin. Na biyu, a gwada shi da duk yatsun da ke cikin rumbu don a ga ko ya taɓa yin rajista da wani suna. Na biyun ne ke kama masu suna biyu.

Na'urar tana shan wahala da yatsun da suka goge ko suka tsage. Manoma, magina, maƙera da masu wanki sun fi fuskantar haka, musamman lokacin hunturu da fata ke bushewa. Lalle mai kauri a kan yatsu shi ma yana iya hana hoton fita sosai. Ya fi kyau a je da hannu mai tsabta, a kuma jira rauni ya warke kafin ranar ɗauka.

Matsalar suna biyu

A jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa, yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba. Sai yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, jarrabawar CEP ta matso, sannan iyaye su nemi hukuncin kotu da ke maye gurbin rajistar (jugement supplétif). A irin wannan gaggawa ake samun ranar haihuwa ta ƙiyasi, ko suna da aka rubuta ta hanyoyi daban: Mohamadou a wata takarda, Mouhamadou ko Hamadou a wata. An kafa hukumar BUNEC ƙarƙashin dokar 2011 don gyara harkar rajistar haihuwa, an kuma yi sabuwar doka a kan batun a Disamban 2024.

Akwai kuma masu yi da gangan. Da yake doka ta ƙayyade shekarun shiga aiki, wasu sukan nemi sabuwar takardar haihuwa mai ƙarancin shekaru. A zamanin takarda zalla, hakan yakan wuce ba a sani ba. Yanzu idan mutum ya je yin kati da sabuwar takarda, na'ura tana samun yatsunsa a ƙarƙashin tsohon bayani, sai a dakatar da katin bisa abin da ake kira "double identité". Wanda ya shiga wannan hali yana iya rasa jarrabawar shekarar, kuma yin amfani da jabun takarda laifi ne a kundin hukunta laifuka na 2016. Hukunci a kan jabu kuwa yana cikin waɗanda ke rufe wa mutum ƙofar aikin gwamnati.

Gwamnati tana da nata dalilin tsanantawa. Ƙidayar ma'aikata da Ma'aikatar Kuɗi ta gudanar a 2018, wadda aka sani da COPPE, ta kai ga cire sunaye sama da 10,000 daga jerin masu karɓar albashi.

Asalin tsarin da yadda maƙwabta ke yi

Ajiye hukunci a kotun garin haihuwa gadon Faransa ne. Wani alƙali mai suna Arnould Bonneville de Marsangy ne ya kawo shawarar, aka fara aiki da ita a 1850. Faransa da kanta ta bar wannan hanya, ta tattara ma'ajiyarta a kwamfuta a birnin Nantes a farkon shekarun 1980.

Zanen yatsa ya biyo wata hanya daban. William Herschel ya fara sa mutane dangwala hannu a kan yarjejeniya a Indiya a 1858. Francis Galton ya wallafa bincikensa a kan yatsu a 1892, 'yan sandan Landan kuma suka buɗe sashen zanen yatsa a 1901. A 1902 hukumar ɗaukar ma'aikata ta birnin New York a Amurka ta fara ɗaukar yatsun masu neman aiki, don hana wani ya rubuta wa wani jarrabawa. Tun farko, ke nan, tambayar da yatsa ke amsawa a harkar ɗaukar aiki ita ce ko mutumin da ke tsaye shi ne mai sunan.

A Najeriya 'yan sanda ne ke ba da takardar shaidar hali, kuma ɗaukar yatsu yana cikin sharuɗɗanta. Babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi tana Alagbon a Legas. A Nijar da Chadi kuwa, kamar Kamaru, kotu ce ke ba da casier judiciaire. Wannan bambanci yana da amfani ga mazauna kan iyaka, domin takardar wata ƙasa ba ta nuna hukuncin da ke ma'ajiyar wata.

Abin da ya kamata mai nema ya duba

Kafin a buɗe jarrabawa, yana da kyau mutum ya jera takardar haihuwarsa da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta, ya duba ko suna da rana da wurin haihuwa da sunayen iyaye sun zo ɗaya, harafi da harafi. Idan akwai saɓani, kotu ce ke da ikon gyara takardar haihuwa, kuma aikin yana ɗaukar lokaci. Neman wata sabuwar takarda a gefe ƙara dagula lamarin yake yi.

Takardar bulletin n°3 kuma a lissafa lokacinta. Wanda ya karɓe ta da wuri, wata ukun na iya cika kafin ranar rufe karɓar takardu. Wanda ya yi jinkiri kuma, musamman idan garin haihuwarsa yana da nisa ko damina ta ɓata hanya, yana iya makara. A biya kuɗin tambari a inda hukuma ta ƙayyade, a karɓi rasit, a guji 'yan tsakiya da ke alƙawarin kawo takarda cikin sa'a guda. Idan takarda ta fito da hukuncin da ba na mai ita ba saboda kamannin suna, ofishin mai gabatar da ƙara na kotun ne wurin kai koke.

Tun ranar 23 ga Disamban 2024 Kamaru tana da dokar kare bayanan sirri na jama'a, wadda ta shafi yadda hukumomi da kamfanoni ke tattarawa da ajiye bayanan mutane. Saboda haka idan wani kamfani ko ɗan tsakiya ya nemi ɗaukar yatsun mai neman aiki a wajen ofishin hukuma, mai yatsun yana da hurumin tambayar dalili da inda bayanin zai tafi kafin ya miƙa hannu.