Sauya babbar manhajar kwamfuta a wuraren kasuwanci

Sauya babbar manhajar kwamfuta shi ne maye gurbin manhajar da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, kamar Windows ko macOS ko Linux, da sabon nau'inta ko da wata manhajar daban. Kamfanoni da shaguna kan fuskanci wannan zaɓi a duk lokacin da kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar ya daina kula da nau'in da suke amfani da shi. A Najeriya batun ya fi shafar Windows ta kamfanin Microsoft, domin ita ce a kan mafi yawan kwamfutocin ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu. Maganar ta sake tasowa bayan da kamfanin ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ma'anar ƙarewar tallafi

Kwamfutar da tallafinta ya ƙare tana ci gaba da kunnuwa da yin aiki kamar yadda ta saba. Abin da ke tsayawa shi ne gyare-gyaren tsaro da Microsoft ke aikawa kowane wata domin toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Duk wata ɓaraka da aka gano bayan ranar tana zama a buɗe. A hankali sauran manhajoji su ma sukan janye. Misali, manhajar shiga intanet ta Google Chrome ta daina fitar da sababbin nau'o'i ga Windows 7 a farkon shekarar 2023.

Tarihi

An fitar da Windows XP a shekarar 2001, kuma tallafinta ya ƙare a ranar 8 ga Afrilu, 2014. A lokacin mafi yawan na'urorin cirar kuɗi na ATM a duniya da ita suke aiki, abin da ya tilasta wa bankuna ko dai su sauya ko su biya kuɗin ƙarin tallafi. Windows 7 ta fito a 2009, tallafinta ya ƙare a ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 ta fito a ranar 29 ga Yuli, 2015, sai Windows 11 a ranar 5 ga Oktoba, 2021.

Misalin da aka fi kawowa kan haɗarin sakaci shi ne harin WannaCry na watan Mayu, 2017. Wannan muguwar manhaja ta kulle bayanan kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa kafin ta buɗe su. Asibitocin gwamnati da dama a Ingila sun soke ganin marasa lafiya da ayyukan tiyata. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓarakar tun watan Maris na shekarar, amma na'urorin da abin ya shafa ba a sa musu shi ba.

Sharuɗɗan Windows 11

Ɗaukaka kwamfuta daga Windows 10 zuwa Windows 11 kyauta ne ga mai lasisi na halal, matuƙar na'urar ta cika sharuɗɗa. Daga ciki akwai RAM mai girman gigabait 4, ma'ajiya mai gigabait 64, da wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutoci shi ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar: galibi ana buƙatar Intel na zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a ƙarshen 2017, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Saboda haka kwamfuta mai lafiya, wadda ke gudanar da aikinta ba tare da matsala ba, tana iya gaza samun shiga. Kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya na iya komawa bola ta wannan dalilin.

Halin da ake ciki a Kano da karkararta

Yawancin ƙananan 'yan kasuwa a jihar Kano kwamfutocin hannu suke saya, waɗanda aka fi sani da 'yan Beljiyam. Ana shigo da su daga Turai da Amurka, sau da yawa ta Legas, a sayar da su a wurare irin su titin Beirut da ke birnin Kano. Da yawansu kamfanonin ƙasashen waje ne suka sallame su bayan shekaru da amfani. Samfura irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460 suna ɗauke da furosesa na zubi na 6, don haka ba sa cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

A ƙananan hukumomin karkara kamar Makoɗa, wadda hedikwatarta ke Koguna, da maƙwabciyarta Ɗambatta, aikin kwamfuta ya fi taruwa a shagunan buga takardu, makarantu, cibiyoyin lafiya da sakatariyar ƙaramar hukuma. Shago guda kan buga katin ɗaurin aure da takardun makaranta, ya cike wa mutane fom ta intanet, ya duba wa ɗalibai sakamakon WAEC da NECO, ya kuma fitar musu da takardar JAMB. Irin wannan shagon yakan dogara da kwamfuta ɗaya ko biyu, da firinta, da janareta ko sola saboda ƙarancin wutar lantarki. Idan na'urar ba ta cika sharuɗɗa ba, sauya manhaja na nufin sayen wata kwamfutar. Farashin kayan da ake shigowa da su kuwa ya tashi ƙwarai tun bayan faɗuwar darajar naira daga watan Yuni, 2023, kuma janye tallafin man fetur a shekarar ya ƙara tsadar kunna janareta. Na'urorin POS da suka bazu a ƙauyuka ba su cikin wannan matsalar, domin galibinsu ba da Windows suke aiki ba.

Dalilan sauyawa

Babban dalili shi ne tsaro. Kwamfutar shago tana karɓar filas daga hannun mutane da yawa a rana, tana shiga shafukan banki da na hukumomi, tana kuma ajiye hotuna, lambobin NIN da takardun shaidar kwastomomi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai sarrafa bayanan mutane alhakin kare su. Dalili na biyu shi ne dacewa: sababbin firintoci da manhajoji kan zo ne da tsarin sabuwar Windows. Haka kuma tallafin Office 2016 da Office 2019 ya ƙare a rana ɗaya da na Windows 10.

Dalilan jinkirtawa

Baya ga kuɗin sabuwar na'ura, akwai kuɗin data na sauko da manhaja mai gigabait da yawa, da haɗarin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Tsofaffin firintoci da sikana na iya daina aiki idan babu direban da ya dace da Windows 11, haka ma wasu tsofaffin manhajojin zane da na lissafin kuɗi. Ma'aikata kan buƙaci lokaci kafin su saba. Kwamfutar da ba ta shiga intanet, wadda bugun rubutu kawai ake yi da ita, haɗarinta bai kai na mai shiga ba, ko da yake filas na iya kawo mata cuta.

Zaɓuɓɓuka

Na farko shi ne ɗaukaka na'urar da ta cancanta. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana nuna ko kwamfuta ta cika sharuɗɗa.

Na biyu shi ne sayen ƙarin tallafin tsaro da ake kira ESU. Ga kamfanoni, kuɗin ya fara daga dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, wato kusan naira dubu 90 a canjin watan Oktoba, 2025. Kuɗin yana ninkawa duk shekara, har tsawon shekara uku. Ga ɗaiɗaikun mutane an sanar da shirin shekara guda a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitunan na'urarsa da asusun Microsoft.

Na uku shi ne komawa Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, tare da LibreOffice a madadin Office. Kyauta ne kuma yana tafiya a kan tsofaffin na'urori, sai dai manhajoji irin su CorelDRAW, da masu zanen kati da fosta ke dogara da su, ba su da nau'in Linux. A Jamus, birnin Munich ya koma Linux, daga baya majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows a 2017, yayin da jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Akwai kuma masu gyara da ke tilasta wa Windows 11 hawa kan na'urar da ba ta cancanta ba. Microsoft ya bayyana cewa ba ya ba da tabbacin irin waɗannan na'urori za su ci gaba da samun gyare-gyare.

Yadda ake aiwatarwa

Wuraren da ke da kwamfutoci da yawa kan yi sauyin ne daki-daki. Ana fara lissafa na'urori da aikin kowacce, a kwafe muhimman bayanai zuwa wata ma'ajiya ta daban, sannan a gwada sabuwar manhajar a kan na'ura guda tare da firinta da sauran kayan aiki. Na'urorin da ke shiga intanet ko riƙe bayanan mutane su ake fara sauyawa, sauran kuma a cire su daga intanet har a samu hali. Ana kauce wa lokutan cunkoso, kamar lokacin rajistar jarrabawa ko fitowar sakamako. Windows 11 tana ba da damar komawa Windows 10 cikin kwana 10 bayan ɗaukakawa idan aka ci karo da matsala.