Tarihin Taliya Mai Cuku da Nama: Daga Italiya Zuwa Tukunyar Iyali a Amurka

Taliya mai cuku da kirim da niƙaƙƙen naman sa, wadda ake barbaɗa wa soyayyen naman alade kyafaffe, sanannen abincin dare ne a gidajen Amurka. Mutane da dama na ɗaukarta girkin Italiyawa, amma taliyar da cukun ne kaɗai suka fito daga can. Kirim da yawan nama da dabarar haɗa komai a tukunya ɗaya duk daga baya suka shigo, akasarinsu a ƙarni na 20.

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanai kan sana'ar busasshiyar taliya a Italiya ya fito ne daga alƙalamin Musulmi. A shekarar 1154, masanin labarin ƙasa Al-Idrisi ya kammala littafin da ya rubuta wa Sarki Roger na Biyu na tsibirin Sisili. A ciki ya ambaci garin Trabia, kusa da Palermo, inda ake murza taliya da yawa har ana lodinta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Amfaninta a fili yake: idan aka yi ta da alkama mai tauri aka shanya, sai ta yi watanni ba ta lalace ba.

Cuku ne abokin cinta na farko, tun kafin tumatir ya iso Turai. Littafin girki na Liber de coquina, wanda aka rubuta wajen farkon ƙarni na 14, ya bayyana yadda ake dafa faffaɗar taliya a jera ta hawa-hawa ana zuba gogaggen cuku a tsakani. Wajen 1390 masu girkin Sarki Richard na Biyu na Ingila sun rubuta irin wannan girki da cuku da man shanu. A wancan zamani abincin masu hali ne. Sai a ƙarni na 17, da injin matsa ƙullu ya yaɗu a birnin Naples, taliya ta yi araha ta zama cimar talaka, ana sayar da ita a bakin titi da ɗan cuku a sama. Nama kuwa sai ranar biki.

Miya mai kauri ta madara a kicin ɗin Ingila da Faransa ta bunƙasa. A 1769 Elizabeth Raffald ta buga girkin makaroni da kirim da man shanu da aka mulmula a fulawa, a rufe da cukun Parmesan a gasa. Amurka ta karɓi wannan salo ta hannun masu kuɗi. Thomas Jefferson ya san makaroni lokacin da yake wakiltar ƙasarsa a Faransa a shekarun 1780, kuma a 1802, yana shugaban ƙasa, an kawo wa baƙinsa gasasshen makaroni. An daɗe ana danganta girkin da sunansa, alhali wanda ya koyi aikin a Paris shi ne James Hemings, bawan da Jefferson ya mallaka. Ya dace sunan Hemings ya fito a duk inda ake ba da wannan tarihi.

Nama ya shiga tukunyar ne da ƙaura. Tsakanin 1880 da 1920, Italiyawa kimanin miliyan huɗu suka shiga Amurka, mafi yawansu talakawan kudancin ƙasar. Sun tarar da naman sa yana araha fiye da yadda suka saba, saboda mahautan Chicago da jiragen ƙasa masu ɗakin sanyi da ke rarraba shi. Abin da a gida yake na ranar biki ya zama na kowane mako, kuma daga nan aka sami taliya da curin nama da sauran girke-girken da ba a san su da wannan siffa a Italiya ba. Haka abin ya faru da kirim. Taliyar da Alfredo di Lelio ya yi suna da ita a gidan abincinsa na Rum man shanu ce da Parmesan kawai. Masu girkin Amurka ne suka ƙara mata kirim, har ta koma farar miya mai nauyi.

Labarin kyafaffen naman alade ya fi ɗaukar hankali, domin ya shafi carbonara, girkin taliyar da mutanen Rum ke alfahari da shi. Babu shi a littafin girke-girken Rum da Ada Boni ta fitar a 1930. Sunan ya bayyana a jaridar La Stampa a 1950, kuma girkin farko da aka sani a rubuce a Chicago aka buga shi a 1952. Wannan ne ya sa masana tarihin abinci da dama ke ganin an haife shi ne bayan sojojin ƙawance na Yaƙin Duniya na Biyu sun shiga Rum a watan Yunin 1944, lokacin da garin ke cikin yunwa kuma sojojin Amurka ke da kyafaffen nama da garin ƙwai a guzurinsu. Har shekarun 1980 manyan masu girki a Italiya, ciki har da Gualtiero Marchesi, suna zuba masa kirim. Ƙa'idar da ake tsanantawa a yau, wato ƙwai da cukun tumaki da naman kumatun alade da masoro, ba tare da kirim ba, sabuwa ce.

Kamfanoni ne suka kai girkin kowane gida. A 1916 James L. Kraft ya yi rajistar hanyarsa ta sarrafa cuku don ya daɗe bai lalace ba. A 1937, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, kamfaninsa ya fitar da kwalin makaroni da garin cuku a kan senti 19, wanda aka ce zai ciyar da mutum huɗu, kuma an sayar da kwali kusan miliyan takwas a shekarar farko. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara masa kasuwa, saboda an taƙaita sayen nama da kayan madara, mata kuma sun fita aiki a masana'antu ba su da lokacin doguwar sanwa. A 1971, da farashin nama ya tashi, kamfanin General Mills ya baza Hamburger Helper a faɗin ƙasar: kwali mai taliya da garin miya, wanda ake haɗawa da niƙaƙƙen naman sa da bai kai rabin kilo ba, a dafa a kasko ɗaya. Manufar ita ce ɗan nama ya wadaci iyali gaba ɗaya.

Girkin da ake yi a gidaje a yau wannan tsari yake bi, sai dai da ɗanyen kaya a maimakon na kwali. Ana fara soya kyafaffen naman ya fitar da mansa, a soya albasa da tafarnuwa da naman sa a cikin man, a zuba romo a dafa taliyar a nan. Sitacin da take saki shi ke ɗaure miyar. Kirim da cuku suna shiga a ƙarshe bayan an rage wuta, domin zafi mai yawa yana sa cuku ya tsinke, mai ya taso sama. A gidajen Musulmi, inda naman alade haramun ne, ana amfani da naman sa ko na talotalo da aka sa wa gishiri aka kyafe. Na talotalo ba shi da kitse sosai, don haka ana ƙara ɗan man shanu a farkon suya.