Taurari Masu Yawo a Ilimin Malaman Birnin Kano

Kafin mu shiga wannan nazari, ya kamata mu daidaita ma'anar kalmomi uku da za mu riƙa aiki da su. Falaki, a wurin malaman da, shi ne da'irar da wani abu na sama yake bi yana kewayawa, ilimin falaki kuwa shi ne sanin tafiyar waɗannan abubuwa da lokutansu. Tauraro tsayayye shi ne wanda ba ya sauya mazauninsa a tsakanin 'yan'uwansa, ko da yake dukkansu suna hudowa daga gabas su faɗi yamma. Tauraro mai yawo kuwa, wanda littattafan Larabci ke kira sayyara, 'yan boko kuma suke cewa duniya, shi ne wanda idan aka lura da shi mako bayan mako za a ga ya matsa daga cikin wannan gungu zuwa wancan. Guda biyar ne ido ke iya gani: Uɗaridu, Zahra, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu.

Tsarin da malaman Kano suka gada a kan waɗannan taurari ya yi doguwar tafiya. Baɗlimusa ya tattara shi a Iskandariyya a ƙarni na 2, aka fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, masana irin su al-Battani, wanda ya rasu a 929, suka gyara lissafinsa. Daga nan ya bi ayarin littattafai ta Magrib da Timbuktu zuwa ƙasar Hausa, inda zaurukan karatu irin na Madabo suka kafu bayan zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji. A wannan tsari ƙasa ce a tsakiya, falakai bakwai suna kewaye da ita: na Wata, sai Uɗaridu, Zahra, Rana, Mirrihu, Mushtari, sannan Zuhalu a can ƙololuwa. An jera su ne bisa saurin tafiyarsu, kuma aka raba musu ranakun mako, Juma'a ta Zahra, Asabar ta Zuhalu, har zuwa ƙarshe.

Idan muka dubi yadda aka yi aiki da wannan ilimi a cikin birni, za mu ga ya kasu uku. Kashi na farko shi ne miƙati, wato sanin lokutan salla da alƙibla. A nan ne ƙwarewar ta fi fitowa fili, domin kuskure ba ya ɓuya. Fiƙihun Malikiyya ya ce La'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da ta rage lokacin zawali, kuma ana ƙiyasta tsawon mutum da tafin ƙafarsa bakwai. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana tsayawa daidai bisa kai sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. A waɗannan ranaku ladan da ya tsaya a farfajiyar masallaci da tsakar rana zai ga inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa, La'asar kuma ta shiga a taki bakwai. A watan Disamba kuwa inuwar zawali tana kai taki biyar, sai La'asar ta koma sha biyu. A birnin Fas inuwar zawalin wannan wata tana kai taki sha ɗaya, don haka jadawalin da aka rubuta a can ba ya aiki a nan sai an sake awo. Dole ce ta sa mai kula da lokaci a Kano ya zama mai lura da idonsa.

Kashi na biyu shi ne ilimin manazilu. Manzila ita ce masaukin wata, wato gungun taurarin da yake kwana a kusa da su a kowane dare, kuma guda 28 ne. Rana ma tana ratsa su a cikin shekara, tana yin kwana 13 a kowace, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, Surayya kuwa, wadda talaka ya sani da Kaza da 'Ya'yanta, tana cikin na ƙarshen bazara. Amfanin wannan lissafi babba ne, domin watannin Hijira suna zagaya shekara, ba su gaya wa manomi lokacin shuka, taurari kuwa suna gaya masa. Malamai sun tsara su a waƙe don sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a 1967.

Abin lura shi ne, waɗannan kashi biyu sun dogara ne da rana da wata da taurari tsayayyu. Masu yawo guda biyar sun faɗa ne a kashi na uku, wato nujumu, neman sanin sa'a da nahisa daga matsayin taurari. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa al-Durr al-Manzum a kan ɗalasimai da nujumu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubutu yana gargaɗi a kan ma'abota wannan sana'a. A cikin littattafan Alhaji Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, waɗanda suke ajiye a Jami'ar Northwestern ta Amurka, akwai na hisabi da asirai tare da na fiƙihu. A ganinmu, wannan rabo ya jawo asara. Mai neman sa'ar Mushtari yana samunta ne daga jadawalin da ya haddace, ba ya bukatar ya fita ya dubi Mushtarin, malamin da ke tsoron zargin duba kuma sai ya kauce wa batun baki ɗaya.

Zahra ta isa misali. Bahaushe yana kiran ta Zara matar wata idan ta bayyana yamma bayan magariba, yana kiran ta Gamzaki idan ta riga rana fitowa da asuba. Littattafai sun san cewa tauraro ɗaya ne, amma dalilin da ya hana ta nisantar rana fiye da digiri 47 bai fito sarai ba sai da Kofanikus ya sa rana a tsakiya a 1543. A 1610 Galileyo ya dube ta da madubin hangen nesa, ya ga tana cika tana raguwa irin yadda wata ke yi, abin da ya tabbatar da cewa rana take kewayawa, a cikin kwana 225. Haka nan ruju'i, wato komawa bayan da Mirrihu ke yi na ɗan lokaci, ya warware: ƙasa ce ke wuce shi a tafiya, kamar yadda mahayin doki ke ganin mai jaki yana ja da baya idan ya zarce shi. Daga baya aka gano Yuranus a 1781 da Naftun a 1846, na biyun ma lissafi ne ya nuna wurinsa kafin ido ya gan shi.

Wannan sabon sani ya rushe jerin falakai bakwai, amma bai taɓa awon inuwa ba, kuma bai soke manazilu ba. Gyara ɗaya kawai suke bukata. Sandar da ƙasa ke juyawa a kanta tana karkata sannu a hankali, har taurari suna jinkirta fitowarsu ta asuba da kimanin kwana ɗaya a kowace shekara 72. A shekara dubu jinkirin ya haura kwanakin manzila guda. Saboda haka jadawalin da aka kwafa hannu da hannu yana iya riƙe lokacin damina daidai, alhali tauraron da aka ambata ba shi ne ke fitowa a ranar ba. Ɗaliban zaure da na jami'a za su iya tantance wannan tare, ta hanyar rubuta ranar da aka fara ganin kowace manzila a sararin Kano, sannan a gwada da abin da ke cikin takardun iyaye.