Sojojin Kwana-kwana a Nijar: Tarihinsu da Aikinsu a Ƙasar Maraɗi

Ƴan kwana-kwana a Jamhuriyar Nijar sojoji ne. Wanda ke riƙe da mesa a bayan jar mota ya sha horon bariki kamar kowane kurtu, yana da lamba da igiya a kafaɗa, kuma rundunarsa, wadda ake taƙaita sunanta da GNSP, reshe ce ta sojan ƙasa. Ma'aikatar tsaro ce uwarsu, amma aikin yau da kullum suna yin sa ne a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, tare da hukumar kare fararen hula. Lambar kiransu 18. Mutumin Madarunfa da ya bi ta Ɗan Isa ya tsallaka zuwa Jibiya zai tarar abin ya sha bamban, domin a Najeriya masu kashe gobara ma'aikatan gwamnati ne da ba ruwansu da barikin soja.

Tushen wannan tsari yana birnin Paris. A daren 1 ga Yuli 1810 jakadan ƙasar Ostiriya ya shirya liyafar auren Napoleon, sarkin Faransa, a wani zauren katako da aka kafa na wucin gadi. Wuta ta kama labule, kafin a ankara ta cinye zauren, manyan baƙi suka halaka, shi kansa sarkin yana wurin. Bincike ya nuna masu gadin wuta na birnin ba su da horo, ba su da jagoranci. Sai Napoleon ya rushe su, ranar 18 ga Satumba 1811 ya kafa bataliyar soja wadda babban aikinta kashe gobara. Birnin Marseille ya bi sahu a 1939, bayan gobarar wani babban kanti ta kashe mutum 73 a watan Oktoba 1938. Can sojojin ruwa aka ɗora wa aikin. Ƙasashe da dama da Faransa ta raina sun ɗauki wannan salo bayan ƴancin kai, ciki har da Senegal da Kwaddibuwa da Burkina Faso da Nijar.

Hikimar abin a fili take. Soja ba ya yajin aiki, ba ya tashi daga aiki don la'asar ta yi, kuma idan aka ce ya shiga ɗaki mai ci da wuta, umarni ne.

Gobara dai wani yanki ce na aikinsu. Su ake kira idan mota ta kife a kan titi, su yanka ƙarfe su zaro wanda ya maƙale su kai shi asibiti. Su ke sauka cikin rijiya da igiya idan yaro ya faɗa, su ke neman gawar wanda ruwa ya ci. Akwai kuma aikin da ba a cika gani ba: duba gidajen mai da kasuwanni da wuraren taron jama'a, a ga ko akwai ƙofar tsira da tukunyar kashe wuta.

Manyan masifu ne suka riƙa nuna wa ƙasa iyakar ƙarfin wannan runduna. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. A watan Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka yi ca da jarkoki suna kwasa, ta fashe ta kashe fiye da 50 nan take. Ranar 13 ga Afrilu 2021 azuzuwan zana suka kama wuta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Kwamandan rundunar na lokacin, Kanar Sidi Mohamed, ya bayyana a talabijin cewa jami'ansa sun fita da sauri, amma ƙarfin wutar ya hana yaran fita.

Jihar Maraɗi ta ga nata tashin hankalin cikin kwana biyu a jere. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramukan haƙar zinare suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa ta gundumar Madarunfa, aka zaro gawa 18. Ramuka ne da aka haƙa da diga da shebur, kusa-kusa da juna, babu tokari. Ceto a irin wannan wuri aiki ne na haƙuri, domin duk wanda ya taka bakin rami da garaje yana iya ƙara tura ƙasa kan wanda ke numfashi a ciki. Washegari Litinin, ana cikin wannan juyayi, wuta ta tashi a azuzuwan zana uku na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi. Yara 26 ƴan shekara 5 zuwa 6 suka rasu. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar, majalisar ministoci kuma ta haramta ajin zana ga ƙananan yara ƴan rainon makaranta.

Wanda ya taɓa ganin danga ta kama wuta da hunturu ya san abin da ya faru. Busasshen kara da iskar gabas ba sa jiran kowa. Kafin a buga 18 a kwatanta unguwa, rumfa ta zama toka. Saboda haka ba adalci ba ne a sauke dukkan laifi a kan sojan da ya iso ya tarar da hayaƙi. Tsarin da Nijar ta gada an gina shi ne don birni mai kwalta da famfon gobara a bakin titi. Madarunfa ba ta kai kilomita 30 daga Maraɗi ba, amma ƙauyukanta na wajen dajin Baban Rafi sai an ratsa yashi. Motar kashe gobara lita dubu kaɗan take ɗauka, cikin mintuna ta zazzage su, in babu wurin ɗiba kusa sai ta juya. Ga kuma man fetur na ƴan ruwa-ruwa, wanda ake shigowa da shi daga iyaka a ajiye cikin jarkoki a zaure, wani lokaci kusa da murhu. Wutar fetur kumfa take so. In aka watsa mata ruwa, bin sa take yi ta bazu.

Da damina aikin yakan juya ya koma na ruwa. Gulbin Maraɗi, mai tasowa daga ƙasar Katsina ta madatsar Jibiya, yana kwana babu ruwa ya wayi gari ya cika ya batse, kuma tafkin Madarunfa, inda masunta ke kamun kifi kuma masu ziyara ke zuwa kaburburan waliyyai 99, yana faɗaɗa ya shafe hanyoyi. A nan kwale-kwale da rigar iyo sun fi mesa amfani. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, wasu a ruwa, wasu ƙarƙashin ginin laka da ya jiƙe ya zube musu cikin dare, kuma a ƙididdigar hukuma jihar Maraɗi ce ta fi kowace jiha asarar rayuka.