Leicester City: Sha Ɗaya Suka Ɗauko Kofi, Benci Ya Kasa Riƙe Shi

A kasuwar 'yan wasa ta tsakiyar 2015, manyan ƙungiyoyin Ingila sun yi ɓarin kuɗi kamar yadda suka saba. Manchester City ta biya kusan fam miliyan 49 ta raba Raheem Sterling da Liverpool, ta ƙara kusan miliyan 55 ta ɗauko Kevin De Bruyne daga Wolfsburg. Manchester United ta miƙa wa Monaco miliyan 36 a kan Anthony Martial, yaro ɗan shekara 19. Can a gefen kasuwa, Leicester City ta sayi wani gajeren ɗan wasan tsakiya mai suna N'Golo Kanté daga Caen ta Faransa a kan miliyan 5.6, ba wanda ya ko waiwaya. Rainin da aka yi mata ya kai kamfanonin caca sun yi alkawarin biyan fam 5,000 a kan kowane fam ɗaya ga duk wanda ya ce ita za ta lashe gasar Firimiya. Ranar 2 ga Mayun 2016 kofin ya zama nata, da sauran wasa biyu a hannu.

Tun daga ranar, duk mai goyon bayan ƙungiyar da ba ta sayi kowa ba, idan gardama ta yi zafi a gidan kallo, da Leicester yake kafa hujja: ai ba kuɗi ke buga ƙwallo ba. Yana da gaskiyarsa, amma rabin labarin ya ji. Wanda ya bi Leicester har zuwa 2023 ya san cewa mai ido a kasuwa yana iya haɗa 'yan wasa sha ɗaya na ƙwarai da kuɗi kaɗan. Abin da ba ya samuwa da araha shi ne sha ɗaya na biyu, waɗanda ke zaune a benci suna jiran wani ya ji rauni.

Kuma Leicester ba fakiriya ba ce. Ta dai taɓa ganin tasku: a 2002 bashi ya kusa rufe ta, a 2008 ta gangara rukuni na uku a karon farko a tarihinta. Amma a 2010 wani attajirin ƙasar Tailan, Vichai Srivaddhanaprabha, mai kamfanin King Power da ke da kantuna a filayen jiragen sama, ya saye ta, kuma a 2013 ya mayar da bashin fam miliyan 103 da yake bin ta ya zama hannun jari. Idan an jera ta da Manchester City ko Chelsea ne take zama ƙarama.

Wanda ya fi kowa cancantar yabo a cinikin da ta yi shi ne Steve Walsh, tsohon malamin makaranta da ya taɓa yi wa Chelsea aikin farautar 'yan wasa. A 2012 Leicester ta biya fam miliyan ɗaya ta sayi Jamie Vardy daga Fleetwood Town, ƙungiyar da a lokacin ba ta ma cikin rukunai huɗu na ƙwararru. Mutumin da Sheffield Wednesday ta sallama yana ɗan shekara 16, ya koma yana aiki a masana'anta yana buga ƙwallo a ƙarshen mako. A Janairun 2014 aka kawo Riyad Mahrez daga Le Havre da ke rukuni na biyu a Faransa, kuɗinsa bai kai rabin miliyan ba. Marc Albrighton da Christian Fuchs kyauta suka zo, kwantiraginsu ya ƙare a inda suke. Robert Huth kusan miliyan 3, Shinji Okazaki kusan 7. Idan ka tara kuɗin sha ɗayan da suka fi fara wasa a kakar da aka ci kofi, ba su kai rabin kuɗin De Bruyne shi kaɗai ba.

Kakar da ta gabaci wannan, ƙungiyar ta shafe watanni a ƙasan teburi, sannan ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe ta tsira. Aka sallami kocinta Nigel Pearson, aka kawo Claudio Ranieri ɗan Italiya, wanda Girka ta kora bayan tsibiran Faroe sun doke ta har gida. A zamaninsa na Chelsea, 'yan jarida sun sha yi masa ba'a saboda yawan canza 'yan wasa daga mako zuwa mako. A Leicester sai ya daina. Yara ma sun haddace jerin: Kasper Schmeichel a raga, Simpson, Morgan, Huth da Fuchs a baya, Mahrez, Drinkwater, Kanté da Albrighton a tsakiya, Okazaki da Vardy a gaba. Schmeichel da kyaftin Wes Morgan ba su rasa ko minti ɗaya ba a wasanni 38.

Me ya ba shi damar yin haka? Leicester ba ta zuwa Turai. An cire ta daga kofin ƙalubale na League Cup a Oktoba, Tottenham ta cire ta daga kofin FA a Janairu. Gaba ɗaya wasa 43 ta buga a kakar. Manchester City, da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Zakarun Turai ta kuma ɗauki League Cup, wasa 59 ta buga. Bambancin wasa 16 kenan, ga tafiye-tafiye, ga kwana a jirgi, ga atisayen da ba ya samuwa. Leicester kuwa yawanci mako guda take samu tsakanin wasa da wasa, ta huta, ta yi shiri. Salon da take bugawa, wato ta bar wa abokin hamayya ƙwallo ta tsuke baya, Kanté ya ƙwace, a cilla wa Vardy ya sheƙa, salo ne mai cin ƙafa, kuma hutun nan ne ya sa ƙafafun suka kai Mayu. Allah kuma ya tsare su daga babban rauni.

Vardy ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy, ya gama da 24. Mahrez ya ci 17, 'yan wasan Ingila suka zaɓe shi gwarzon shekara, ɗan Afirka na farko da ya samu wannan kyauta. A Fabrairu sun je gidan Manchester City sun ci 3-1. Da aski ya zo gaban goshi sai suka koma cin ɗaya su kulle ƙofa: Watford, Newcastle, Crystal Palace da Southampton, duka 1-0 a jere. Sau ɗaya aka jarraba bencin da gaske, lokacin da aka ba Vardy jan kati a wasan West Ham a Afrilu aka dakatar da shi wasa biyu. Leonardo Ulloa ya farke da fenariti a ƙarshen wannan wasa, ya ci biyu a ragar Swansea a mako na gaba. Mutum ɗaya ya isa, domin giɓin ɗaya ne.

Dole kuma a faɗi cewa manyan sun yi barci a shekarar. Chelsea mai riƙe da kofi ta ƙare ta goma, ta kori José Mourinho a Disamba bayan ya sha kashi a hannun Leicester. City da United maki 66 kowacce. Leicester ta ɗauki kofi da maki 81. Shekara biyu bayan haka sai da City ta haɗa 100.

Daɗin bai yi wata uku ba aka fara ɗiba. Chelsea ta ajiye kusan fam miliyan 32 ta tafi da Kanté, Everton ta ɗauke Steve Walsh. Ga Gasar Zakarun Turai tana tafe, wato wasa Talata ko Laraba, wasa Asabar. Yanzu kam ana buƙatar benci, Leicester ta shiga kasuwa da kuɗin da ba ta taɓa riƙewa ba. Nampalys Mendy ya zo daga Nice don ya maye gurbin Kanté, ya ji rauni a wasansa na farko a gasar Firimiya. Islam Slimani ɗan Aljeriya ya zo daga Sporting a kan kusan miliyan 28. Sannan ga namu, Ahmed Musa, daga CSKA Moscow a kan kusan miliyan 16, kuɗi mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa biya kafin cinikin Slimani ya wuce shi.

Mutanen Kano da Jos sun san abin da aka saya. Yaron da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya bi ta VVV-Venlo ya isa Rasha, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. A Agustan 2016 ya zura wa Barcelona biyu a wasan sada zumunta, aka ce shi ke nan, Ingila ta shiga uku. Sai ga shi ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar Firimiya a kakar, da wasu biyu a ragar Everton a kofin FA. A ganina ba rashin iyawa ba ne. Ai shi ne ya ci Iceland biyu a 2018. An sayo mai gudu ne aka kawo shi ƙungiyar da ta riga ta ginu a kan gudun Vardy, sai aka riƙa jefa shi gefe yau, gaba gobe, benci jibi. A Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro, daga can ya wuce Al-Nassr ta Saudiyya. Babbar ƙungiya takan yi irin wannan ciniki ya ƙi, ta share, ta sayi wani a kaka mai zuwa. Ga Leicester, Musa da Slimani da Mendy su ne kusan dukan guzurin shekarar.

An kori Ranieri ranar 23 ga Fabrairun 2017, ƙungiyar tana dab da faɗawa rukunin masu faɗuwa. Ta dai kai wasan daf da na kusa da na ƙarshe a Turai kafin Atlético Madrid ta cire ta, ta ƙare ta 12 a gida. Wa ya ɗauki kofin? Chelsea, da Kanté a tsakiya, a kakar da ita ma ba ta zuwa Turai.

Daga nan Leicester ta kama wata hanya: kowace shekara a sayar da mutum ɗaya da tsada, a sayi matasa da kuɗinsa. Drinkwater ya tafi Chelsea a kan miliyan 35 a 2017, Mahrez City a kan 60 a 2018, Harry Maguire da aka sayo miliyan 17 daga Hull ya tafi United a kan 80 a 2019, Ben Chilwell ya bi hanyar Chelsea a 2020. Da irin wannan kuɗi aka kawo Wilfred Ndidi daga Genk, da Kelechi Iheanacho daga City, da James Maddison, da Youri Tielemans. Ko rasuwar Vichai a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a bakin filin wasa, ranar 27 ga Oktoban 2018, ba ta tsayar da tafiyar ba. Ɗansa Aiyawatt ya karɓa.

A hannun koci Brendan Rodgers ƙungiyar ta fi ta 2016 iya taka leda, kuma a nan ne ƙarancin benci ya fito fili. A kakar 2019/2020 ta ci Southampton 9-0, ta daɗe a mataki na biyu da na uku. Sai aka yi wa Ndidi tiyata a gwiwa a Janairu, jijiyar gwiwar Ricardo Pereira ta tsinke a Maris, Maddison da Chilwell suka kwanta jinya a ƙarshe. United ta doke ta a ranar ƙarshe, ta ƙare ta biyar. Kaka mai biye, labarin bai canza ba: James Justin da Harvey Barnes suka ji rauni a Fabrairu, Tottenham ta ci ta 4-2 a ranar ƙarshe, ta biyar kuma. Sau biyu kenan kuɗin Gasar Zakarun Turai, waɗanda da su ne za a cika bencin, suna suɓucewa a minti 90 na ƙarshe. Kofin FA na 2021, wanda Iheanacho ya kai su wasan ƙarshensa Tielemans ya ci Chelsea da dogon shuri, ya sanyaya rai, amma bai cike wannan giɓi ba.

A 2021 shugabannin suka yi shahada: ba su sayar da kowa mai tsada ba, suka sayi Patson Daka da Boubakary Soumaré da Jannik Vestergaard don faɗaɗa tawaga. Ba wanda ya zama abin da aka zata. Albashi ya hau, ga sabon filin atisaye a Seagrave da ya ci kusan fam miliyan 100, ga korona ta rufe filayen jiragen sama inda King Power ke samun kuɗinsa. Ƙungiyar ta yi asarar miliyan 92.5 a shekara guda, alhali dokar Firimiya ta lokacin ba ta yarda a wuce asarar miliyan 105 a shekara uku ba. A 2022 aka sayar da Wesley Fofana ga Chelsea a kan kusan miliyan 70, Schmeichel ya tafi Nice ba a sayi golan da zai gaje shi ba, Wout Faes kaɗai aka biya kuɗi aka kawo kafin a rufe kasuwa. A kakar ce kuma aka tabbatar da dokar canza 'yan wasa biyar a wasa ɗaya maimakon uku, gata ga wanda bencinsa ke cike.

Ranar 28 ga Mayun 2023 Leicester ta ci West Ham 2-1, amma Everton ta ci Bournemouth, sai Leicester ta faɗi daga Firimiya da maki 34. Tielemans ya tafi Aston Villa ba a karɓi ko sisi ba, domin an bar kwantiraginsa ya ƙare. Maddison ya tafi Tottenham, Barnes Newcastle. Koci Enzo Maresca ya dawo da Leicester Firimiya a 2024, Chelsea ta ɗauke shi tun kafin a fara kaka. A 2025 Leicester ta sake faɗuwa tare da Ipswich da Southampton, wato duka ukun da suka hau tare, kamar yadda Luton da Burnley da Sheffield United suka yi a shekarar da ta gabata.