Daga Shalomo zuwa Suleja

Kusan kowane layi a unguwar nan akwai Sule ko Manu, amma ka tambayi mai sunan ma'anarsa, sai ya sosa ƙeya. Asalin sunan Ibrananci ne, wato harshen Bani Isra'ila. A can suna cewa Shalomo, daga kalmar "shalom", wadda ke nufin zaman lafiya. Tushensu ɗaya da "salam" ta Larabci, wadda muke yin sallama da ita kullum. Larabawa suka ce Sulaiman, mu muka ce Sulaimanu, muka gutsure shi ya koma Sule.

To, ina ruwan Abuja da wannan? Tsohon garin Abuja, Abu Ja ne ya kafa shi a 1828, bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau. Daga sunansa garin ya samu nasa. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, sabon birnin ya ɗauke sunan Abuja. Tsohon garin kuwa ya koma Suleja, don girmama sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya hau mulki a 1944. Aka ɗauki "Sule", aka liƙa masa "ja" ɗin Abuja.

Yaranmu da aka haifa nan da yawa sun ɗauka tarihin Abuja da kwalta ya fara. Ran da kuka shiga motar Suleja tare, idan an wuce Zuba, ku ba su wannan labarin.